Kwandon Shamuwa

Assalamu alaikum, Inna.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina cikin rahamar Ubangiji, ni ce Binta, autarki. Shekara uku ke nan rabona da muryarki, yau kuma haƙuri ya gagare ni, don akwai maganar da ke kaɗai za ki san nauyinta. Maganar tsamiyar gidanmu ce na unguwar Sheshe.

Yaya Sani ya ce za a sare ta. Kada ki ga laifinsa, saiwarta ta tsaga katangar ɗakin Baba, kuma damina uku a jere babu shamuwar da ta sauka a kanta. Ya ce bishiyar da tsuntsu ma ya guje ta, ajiyar me ake yi mata? Sai na fashe da kuka, ni da nake da jikoki biyu.

Kin san muna yara daga bakinki muke jin damina ta kusa. Kina tankaɗe a tsakar gida, sai ki ɗaga kai ki ce, "Ga baƙuwata nan, a gyara indararo." Mu fito a guje mu tarar da shamuwa a kan reshe, baƙa wuluk, cikinta fari tas, tana kallonmu kamar ita ta gina gidan. Mu yi ta mitar kashinta yana ɓata mana shanya, ke kuwa ki ce wanda ya zo da ruwa ba a yi masa gorin ƙazanta.

A shekarar da kika rasu shamuwa sun zo, su biyu. Kwana biyu suna kewaya tsamiyar, ba su sauka ba, suka tafi. Muka ce ai sun ji babu ke ne, muka yi kukanmu muka share hawaye.

Kewarsu ce ta mayar da ni mai kallon tsuntsaye, kin ji abin dariya. 'Yata Hauwa ta sayo min madubin hangen nesa, na bi wasu masu wannan sha'awa har dausayin Haɗeja. Na san da kina nan cewa za ki yi, tsuntsun ma sai an sa masa tabarau? Na ga dinya, na ga zalɓe, na ga shamuwa ta fi a ƙirga suna kiwon fara a cikin ciyawa. Kowa yana murna, ni kuwa zuciyata ta ƙi daɗi, don babu tamu a ciki.

Sai bana na je gaida Baba Talatu maƙwabciyarki, na ba ta labari. Ta yi dariya har da tari, ta ce, "Ku 'yan boko! Wa ya sa musu kwando? Kun zaci iska ce take kai shi?" Ashe duk bazara, in zafi ya tsananta, kina ɗaukar tsohon kwando ki zuba ƙirare a ciki, ki hau soro da tsani bayan asuba muna barci, ki tura shi da gora tsakanin rassa. A kansa suke ɗora sheƙa. Na bara ya ruɓe da ruwa, ki sa wani. Mun tashi muna ganinsa, mun ɗauka aikin tsuntsu ne. Ba ki taɓa faɗa ba, mu ma ba mu taɓa tambaya ba. Baƙinki suka zo ta'aziyya, Inna, muka bar su babu wurin zama. Wannan ya yi min ciwo ƙwarai.

Na roƙi Yaya ya ba ni damina ɗaya tak, in ba su sauka ba ya kira mai gatari. Ya ce to, amma kada in faɗo in ja masa magana. Na ɗaure zani na hau tsanin nan. Sau uku kwandon yana faɗowa kafin ya zauna, ina ta mamakin yadda kike yi ke kaɗai.

Daga nan sai jira. Kwana goma sha tara ina zuwa gidan da sassafe, ba na ganin komai sai shirwa da hankaki, da belbelu masu wucewa ta wajen Kabuga. Kududdufan unguwa duk an cike su an yi gini, na ce wataƙila ma sun yafe birnin gaba ɗaya.

Yau da safe na shigo na tarar da Yaya tsaye a tsakar gida da buta a hannu, kansa a sama, ruwa yana zuba masa a ƙafa bai sani ba. Tana bakin kwandon, Inna, da ƙirare a bakinta. Sai ya share ido da hannun riga ya ce, "A gyara indararo."

Ni kuwa na juya wajen ƙofar ɗakinki in ce miki ga baƙuwarki nan.

Allah ya jiƙanki, ya yalwata makwancinki, ya ba ki inuwar da ta fi ta tsamiyarki sanyi. Ya sada mu a inda babu rabuwa. Amin.

Taki har kullum,
Binta