Masarar da na karɓo a rumbun unguwa

Ƙarfi, daren Laraba, tsakiyar damina

Yau na je rumbun taimako na unguwarmu karɓar masara, karon farko. Buhu tara na ɗura da kaka, na lissafa za su kai mu sabuwar masara. Ashe ba ta gama bushewa ba, huɗu suka yi fumfuna. Gaggawata ce ta jawo.

Sau biyu ina wuce ƙofar. Malam Iro mai riƙe makulli ya yi dariya: "Malam Bala, zagayen me kake yi? Ba kai ka zuba tiya goma a nan da kaka ba? Miƙo buhunka."

Yara sun ci tuwo sun ƙoshi. Bana sai na ciji ƙwayar na ji ta bushe ƙamas kafin in ɗura.