Kwalekwalen Baba a Haƙoran Kare

Zuwa ga ƙanena Noboru, a Sao Paulo,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da matarka Sumie, kuma sanyin can bai tayar maka da ciwon gwiwa ba. Kullum da safe idan na kunna turare a gaban hoton Baba sai na roƙa muku lafiya da rufin asiri. Mu nan shinkafa ta fara fitar da kai, zafi kuwa ba a magana. Inna ce dai ba zan ce maka tana lafiya ba, kuma saboda ita na ɗauki alƙalami, raina a ɓace.

Ka ce aiki ya hana ka zuwa Obon, bikin tarbar matattunmu, alhali ka san wannan ne na farko tun rasuwar Baba, zuwansa na farko gida daga wurin magabata. Ka turo ɗanka Kohei daga Osaka ya tsaya a madadinka. To ga aikin wakilin naka. Ya iso da budurwarsa da wata 'yar kyamara da ake ɗaurawa a goshi, ko turare bai gama kunnawa ba ya hau yabon kogi, wai tunda yake bai taɓa ganin ruwan da ake hango tsakuwar ƙasansa ba. Na gaya masa da bakina cewa a kwanakin Obon ko ƙafa ba a tsomawa a kogin nan, hanyar matattunmu ce. Ya yi dariya ya ce haba Gwaggo, ai su ma za su so 'yan rakiya.

Ranar sallama da safe, ina fama da girki, suka sauke kwalekwalen Baba daga rumfa. Kwalekwalen da ya haɗa da hannunsa, wanda Inna ta wanke ta goge don a ɗora fitilarsa da yamma a kai ta tsakiyar ruwa a saki, kamar yadda ake sallamar kowane sabon mamaci a jirginsa. Shi suka ɗauka suka nufi Haƙoran Kare. Noboru, Haƙoran Kare fa! Gangaren ruwan nan mai duwatsu da kai kanka Baba bai bar ka ka riƙe filafili a cikinsa ba sai da ka fara gemu. An kwana ana ruwa a kan tsauni, kogi ya ƙaru, shi kuwa gwanin da ya koyi tuƙi a tafkin shaƙatawa sai ya bi hagu, gefen duwatsu, don can ya fi kyau a hoto. Dutse na farko ya kifar da su, na biyu ya raba jirgin gida biyu.

Maƙwabcinmu tsoho Tsuneo ne ya hango su daga gonarsa. Mutumin da ko hannu ba ya wankewa a kogi ranar Obon, shi ya shiga har ƙirji ya miƙa musu gora. Yanzu yana kwance da karaya a haƙarƙari. Da na je duba shi ya ce in gaya maka, tun yana yaro yake kamun kifi, bai taɓa jawo marasa amfani irin waɗannan biyun ba, ko a miya ba sa shiga. Kohei ya durƙusa, goshi a ƙasa, yana kuka, wai zai sayo sabo na roba daga Osaka. Na roba! Na ce ya tashi ya ba ni wuri. Amma fushina da shi kaɗan ne. Ba a taɓa zaunar da shi an gaya masa komai game da gidan nan ba, kuma ka san wanda ya kamata ya yi hakan.

Da yamma kowa ya kai fitilarsa kogi. Maƙwabta suka yi tayin jirginsu, Inna ta ƙi, ta ce mijinta bai taɓa hawa jirgin aro ba yana raye, ba yanzu za ta fara sa shi ba. Ta mayar da fitilar ɗaki. Tun ranar take cewa Baba bai tafi ba, kuma ba a barin baƙo da yunwa. Abincinta take ajiyewa a gaban hotonsa, ita ta kurɓi shayi kawai. Likita ya yi magana, ni na yi faɗa har muryata ta dushe. Zobenta ya fara zamewa daga yatsa.

Ni da mijina mun tsinto katakan, suna rumfa. Ba wanda ya san yadda Baba ke haɗa su sai kai da ka tashi kana miƙa masa ƙusa. Kada ka ba ni haƙuri ta waya, ba na so. Ka zo ka gyara jirgin nan ka raka mahaifinka, don idan ka ƙara jinkiri fitila biyu za ka ɗora a ciki.

Ka gaida Sumie da autarku Nanae. Mijina Isamu yana gaishe ka, Tsuneo ma haka. Inna ba ta ba da saƙon gaisuwa ba. Ta dai tambaye ni ko tafiya daga Brazil tana da nisa sosai, don ta san abin da za ta ce wa Baba.

Yayarka da ke duban hanya,
Chizuru