Ƙunzugun Kanti Ya Toshe Mini Ruwa, Ya Raba Ni da Jikana

Zuwa ga Shugaban Lajana, kwamitin ƙauyenmu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da iyalinka da sauran dattawan lajana, da fatan kuna lafiya. Ni ce Asabe, matar marigayi Malam Muhammadu mai hawasha, gonar ban ruwan nan da ke ƙarshen tur'a, magudanar da ke kawo mana ruwa. Da na so in same ka a gida, amma abin da ya dame ni a gaban jama'a aka yi shi, don haka a gabansu zan faɗa.

Na farko. Tun da ciwon gudawa ya shigo bara, kun hana wanke ƙunzugun jarirai a tur'a. Ban ce kun yi laifi ba, ruwan da muke sha ne. Sai dai ba ku nuna mana wani wurin ba, ruwan da nake saya a wurin masu karo, keken jaki, kuwa da ƙyar yake isata sha da girki. Jikokina duk a tsumma na rene su. Kai ma, ranka ya daɗe, a tsohon zanen mahaifiyarka ka girma, ga ka nan garau kana shugabancinmu. A gidana kullum da safe suruka takan kawo mini jariri da kwanon tsummansa. In wanke, in shanya, yaro kuma yana kan tabarmata har su bushe. A haka kowane jika ya san ni.

Na biyu. Dokarku ta faɗa kan ƙaramin jikana, ɗan ɗana Usmanu, mai sunan maigidana. Ana hana wanki sai ga kakarsa ta wajen uwa, Hajiya Sakina, ta dawo daga birnin Sinnar da kwali-kwalin ƙunzugun kanti, wanda yaran yanzu ke ce wa hafada. Ɗanta na aiki a Saudiyya, ita kuma ko hannu ba ta jiƙawa. Tun ranar babu kwano, babu yaro. In uwarsa za ta fita, gidan Hajiya ake kai shi, tunda can kwalin yake. Sannan a taron mata mataimakinka ya miƙe ya yabe ta, wai ta kawo tsafta ƙauye, aka yi ta tafi. Ina zaune a wurin. Ba zan ɓoye maka ba, kishi nake yi, kishin da ya hana ni jin daɗin abinci. Ni da na shekara da shekaru hannuna cikin sabulu ba a taɓa ce mini sannu ba.

Na uku, ita tsaftar da ake tafa wa. Ina hafadar ke zuwa in an cire ta? Babu uwar da za ta ƙona ta, kowa na tsoron kada ɗuwawun ɗanta ya yi ƙuraje in wuta ta taɓa kashinsa. Ba a jefa ta a masai, don ba ta ruɓewa, cika ramin za ta yi. To sai a ƙulle a leda a wurga bayan gari, iska da karnuka su ƙarasa da ita tur'a. Ta sha ruwa ta kumbura, ta toshe bakin bututun da ke ba hawashata ruwa. Ranar ban ruwana dawata tana yaushi, ni ina cikin laka har gwiwa ina zaro su da sanda. Kuma ba na jikana kaɗai ba ne, matan ƙauye da yawa sun bi sahun Hajiya. Tsummana in ya tsufa binne shi nake yi, ƙasa ta cinye. Wannan kuwa ta bara tana nan yadda aka yar da ita. Ku gaya mini tsakani da Allah, wa ya fi ɓata ruwan, wadda kuka hana ko wadda kuka tafa wa?

Ga roƙona. A yi mana dakalin wanki nesa da tur'a, da barmil, wato gangar ruwa, da ramin da ƙazantar za ta gangara. A haƙa wani ramin mai zurfi don binne hafada. Kuma dokar ruwa ta hau kan mai kwali kamar yadda ta hau kan mai kwano.

Don Allah ku hanzarta. Dawa in ta ƙone zan sake shuka baɗi, amma yaron ya fara rarrafe, ba da jimawa ba zai bar ƙunzugu gaba ɗaya, daga nan babu dalilin da zai sa a riƙa kawo mini shi. A wajen bikin sunan maƙwabta na miƙa hannu in ɗauke shi, ya dube ni ya fashe da kuka, ya cusa fuska cikin mayafin Hajiya. Ta yi murmushi, ta ce wa mata wai bai saba da baƙi ba.

Allah ya yi maka jagora, ya ba ka ikon yin adalci, ya tsare mana ruwanmu. Kuma Allah kada ya nuna maka ranar da za a kira ka baƙo a gaban jikanka.

Wassalam.

Asabe, matar marigayi Malam Muhammadu