Gangar da Ta Ƙi Shiga Akwatinta

Gwaggo Rakiya, don Allah ku taimake ni, abu ya tsaya mini a rai kuma na rasa wanda zan faɗa wa.

Ni tsohon malamin firamare ne. Na daɗe ina riƙe da alli kafin na koma kwalejin fasaha a nan Kano, ina koyon aikin injuna da iyalina da furfurata. 'Yan ajinmu duk ƙannen bayana ne, Malam suke ce mini. Bana aka raba mu rukuni-rukuni, mu huɗu aka ce mu ƙera ƙaramin injin ɓarar gyaɗa. Injiniyan wani kamfanin matsar mai a Sharada ya yi alkawarin idan injin ya tashi zai ɗauke mu aikin sanin makama. Kun dai san yadda ake ciki da tsuke bakin aljihun nan, kamfanoni sallamar ma'aikata suke yi, balle su ɗauki ɗalibi.

Ko shawara ba a yi ba aka ce ni ne shugaba, tunda ni ne babba. Ni ma ban yi gardama ba, gaskiya har daɗi na ji. Na raba aiki. Amina ta yi zane, Labaran zai yi waldar akwatin ƙarfen, Ashafa kuma zai yi gangar da ke juyawa a ciki. Ashafan nan ni na koya masa karatu a aji uku, har gobe ba ya gaishe ni a tsaye.

Kullum muka haɗu a gidana sai in tambaye su yaya aiki, su ce da godiya, in sa musu albarka in wuce. Ban taɓa cewa a nuna mini ba, don gani nake kamar zan ƙaryata su ne. Ashe bututun ƙarfen da Amina ta zana za a yi gangar da shi ya yi ɓatan dabo a kasuwa. Ashafa ya sha yawo, da ƙyar ya samo wani wajen masu tsofaffin ƙarafa a Bompai, amma ya fi na zanen faɗi. Ya yi ta hawo kekensa har gidana a Panshekara don ya gaya mini. Ni kuwa sai in shimfiɗa masa tabarma, in sa a kawo abinci, in kama labarin zamanin firamare, har ya yi sallama ya tafi da maganarsa a ciki.

Sai ana gobe injiniya zai zo muka haɗa kayan, ganga ta ƙi shiga akwati. Washegari a gaban baƙon da malamanmu na rufe yaron nan da faɗa, na ce shi ya kunyata mu. Ya sunkuyar da kansa ƙasa. Daga baya Amina ta ba ni labarin zirga-zirgar da ya yi, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Injiniyan ya ce ya ba mu zuwa bayan Babbar Sallah, in bai ga injin yana aiki ba zai ba wani rukunin gurbin. Ni in na rasa zan iya komawa koyarwa. Su ukun nan ba su da inda za su koma. Yanzu Ashafa gaisuwa kawai ke haɗa mu. Shin in sauka in bar wa wani shugabancin, ko yaya zan yi?

Naku,
Tsohon Ɗalibi, Panshekara

Malam Tsohon Ɗalibi, sannu da wannan damuwa. Kada ka sauka. In ka sauka ma ba za su iya ba ka umarni ba, sai a samu rukuni mai shugaba biyu, ɗaya na jin kunyar ɗaya.

Ashafa yana da nasa laifin. Wanda ya sauya awon ƙarfe dole ya faɗa a ranar, ko da gaban wa zai tsaya, kuma gara ya koyi haka tun yanzu, don a masana'anta irin wannan shirun yatsun mutum yake ci. Amma naka ya fi yawa. Tun da kake, ka taɓa jin an tambayi Bakano yaya aiki ya ce aiki ya lalace? Gaisawa ka yi ta yi da su, Malam, ka ɗauka bin sawun aiki kake.

Ga abin da nake gani. Ku bar haɗuwa a gidanka, can kai mai gida ne su baƙi. Ku riƙa haɗuwa duk mako a ɗakin aiki, kowa da abin da ya yi a gabansa, tef ɗin awo a hannunka. Tambayar da za ka riƙa yi ita ce me ya tsaya, kuma kai za ka fara faɗin naka, don bakinsu ya buɗe. Sannan ku duba wane aiki ne ke jiran wane. Tunda ƙarfe ne ke wuyar samu, ganga ce gaba. Amina ta gyara zanenta a kan bututun da ke hannu, kafin Labaran ya sake taɓa walda. Kowane aiki a san mai shi da ranar da zai kawo. Kada kuma ku sa ranar gamawa a jikin Sallah, lokacin da masu walda da masu ƙarafa ke rufewa su tafi garuruwansu. Ku gama da sauran lokaci, ku gwada da gyaɗa ta gaske, don injin da bai taɓa gardama ranar farko ba ni dai ban gan shi ba.

Kafin duk wannan akwai abu guda. A gaban mutane ka ci wa yaron nan fuska, saboda haka a gaban Amina da Labaran da malamanku za ka ba shi haƙuri, ka ce kai ne ba ka duba ba. Na san zai yi maka nauyi, shi ma zai so ya tare ka don kada ka ƙarasa. Ka ƙarasa. Sai ya ji da kunnensa malaminsa ya ce na yi kuskure, sannan zai iya zuwa ya ce maka an samu matsala.

Allah Ya tashi injinku lafiya, Ya sa ku huɗun ku shiga Sharada tare.

Gwaggo Rakiya