Ekuter Ya Tona Asirin Baban Nana

Alhamis da dare, Matameye

Tsohon ekuter ɗina, abin sauraron nan na kunne, ya ishe ni da shuuu, yau na je rumfar Alhaji mai kayan waya. Ya miƙo min kala biyu masu cusawa cikin kunne, ya ce, "Maman Nana, bar kallon kwali, gwada da muryar da kika sani."

Na kunna saƙon da maigida ya turo daga Kano da safe. Ekuter na farkon ƙara kawai, na biyun kuwa murya fes. Sai na ji ɗan kamasho yana kiran fasinja a bayansa: "Daura, Kwangwalam, Matameye!"

Ashe a tasha yake zai taho gida, ya ce min yana wurin aiki!

Bayan isha'i ya yi sallama zai ba ni mamaki, ya tarar da tuwo da miyar zabo. Har yanzu yana tambayar wa ya tsegunta min.