Lambar Baba Ta Ƙi Goguwa

Yaya,

Ina gaishe ku da fatan kowa lafiya. Yaya ƙafar Inna? Ki shafa min kan yara.

Ni lafiya lau, sai ɗan rashin cin abinci, kada Inna ta ji. Aikin dai kin sani, gyaran manhajar da kamfani ke ajiye bayanan abokan ciniki a cikinta. Shugabana ya ce in saita ta ta riƙa tura musu gaisuwa duk wata. Sai an gwada da lamba ɗaya kafin a saki, ni kuwa hannuna ya buga wadda na haddace tun ina yarinya, ta marigayi Baba. Na manta ban cire ba.

Ranar Talata da hantsi ina kan tebur, sai ga amsa ƙarƙashin lambar: "Na gani, Uwata. Kin rame."

Abokiyar aikina ta ce ai layin mamaci sayar wa wani ake yi, ta ci gaba da shan shayinta. To wa ya gaya wa wanin sunan da Baba kaɗai ke kirana da shi? Sau uku ina goge lambar. Da safe sai in tarar ta dawo, an rubuta a gefenta: a kira shi.

Don Allah ki buɗe akwatin Baba ki duba ko layin na cikin wayarsa. In babu, ki sanar da ni da wuri. In yana nan, ki ce min kowa lafiya kawai, zan gane.

Ban kira ba tukuna. Allah ya jiƙansa.

Ƙanwarki