Garin Katako Mai Ƙamshi

Litinin, 3 ga Maris, 1986
Sabuwar shugabar ɗakin gwajinmu, Dakta Brubaker, ta ce kejin ɓerayena yana wari. Ta sa a canza musu shimfiɗa zuwa garin jan katako mai ƙamshi. Na buɗe baki, ta ce, "Tsoho, kai dai share kashi, ka bar mana ilimi." A gaban ɗalibai. Shekara talatin da ɗaya ina kiwon ɓerayen jami'ar nan. To, na canza musu shimfiɗar.

Juma'a, 7 ga Maris
Ta fara gwajinta. Ɓera talatin ana ɗura musu ƙwayar hana barci, talatin ruwa zalla, a ga yadda ƙwayar ke tayar da sinadaran hanta. Ni na san abin da ba ta sani ba. A 1968 wannan katakon ya lalata wa marigayi Farfesa Lindqvist aikin shekara guda. Ƙamshinsa kaɗai yana zaburar da hantar ɓera, ko da magani ko babu. Ni na kwashe gawarwakin ɓerayensa. Ban yi makaranta ba, amma ba na mantuwa.

Laraba, 19 ga Maris
Har ƙara musu shimfiɗar nake, da hannu biyu.

Talata, 1 ga Afrilu
An yanka ashirin. Hantar masu ruwa da ta masu ƙwaya duk ɗaya. Ta wanke kwalabe sau uku, ta zagi na'ura. Na ci gurasata da naman alade ina kallonta. Ta yi daɗi. In ba sakamako kafin Yuni, za a karɓe mata ɗakin. A karɓe.

Juma'a, 4 ga Afrilu
Ta ce ran Litinin a yanka sauran arba'in, ko za a dace. Har da mai yankakken kunne, wanda ke hawa hannuna in na kawo ruwa. Arba'in, a banza.

Litinin, 7 ga Afrilu
Na dire buhun garin katakon a teburinta. Na ce, "Dakta, shinshina." Na ba ta labarin Lindqvist. Ta daɗe tana kallona.
"Tun yaushe ka sani, Malam Elwood?"
"Tun kina 'yar makaranta."
"Ba ka faɗa ba."
"Kashi aka ce in share."
An fasa yankan. Don ɓerayen na yi, ba don ita ba. Ta kawo littafi, wai in faɗa mata sauran abin da na tuna. Na ce gobe, in na ga dama. Na dai goge mata kujera.